Hantsakin haske na haɗawa a gida: yana kama ƙwayoyi, amma ba ya harhaɗa molekul

A shafukan intanet masu sayar da kayan gwaje-gwajen kimiyya ana tallata wani kunshin kaya da sunan na'urar leza mai harhaɗa molekul, wadda mai saye zai ɗaura da hannunsa a kan tebur ba tare da ya mallaki ɗakin bincike ba. Na sayi ɗaya, na haɗa shi, na kuma gwada shi a tsanake, kuma abin da na tarar shi ne kayan suna aiki, sai dai ba aikin da aka rubuta a jikin kwalin suke yi ba. Abin da ke cikin kwalin shi ne na'urar da masana fiziks suke kira hantsakin haske, wato hasken leza da aka tattara a wuri ɗaya mai matuƙar ƙanƙanta har ya iya riƙe 'yar ƙwayar roba ko ta gilashi a cikin ɗigon ruwa, ya tsayar da ita cak, ya kuma ja ta zuwa inda ake so. Wannan kaɗai abin a zo a gani ne. Amma tsakanin riƙe ƙwayar roba mai faɗin maikuron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, da ɗinke atam biyu su zama molekul akwai tazara mai nisa, kuma ya kamata duk wanda zai fitar da kuɗinsa ya san girman tazarar kafin ya saya.

Tun a 1619 Johannes Kepler ya yi hasashen cewa hasken rana ne yake kaɗa jelar tauraruwa mai wutsiya ta juya wa rana baya. James Clerk Maxwell ya fitar da lissafin wannan turi a 1873, sannan Pyotr Lebedev a Rasha da Nichols da Hull a Amurka suka auna shi wajen 1901. Turin ba shi da wani ƙarfi, domin miliwat 1 na haske da abu ya shanye gaba ɗaya ba ya tura shi da abin da ya wuce fikoniyuton 3.3, shi kuwa fikoniyuton kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na niyuton. Arthur Ashkin na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ne ya lura cewa ƙarfin da ba ya motsa komai a duniyar da ido ke gani babban ƙarfi ne a wajen ƙwayar da ba ta wuce 'yan maikuron ba. A 1970 ya nuna leza tana tura irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ruwa, a 1986 kuma shi da abokan aikinsa, ciki har da Steven Chu, suka riƙe ƙwaya da haske ɗaya tak da aka tattara ta lensin maikuroskof. Wannan tsari na 1986, wanda ya kai Ashkin ga kyautar Nobel a 2018 yana da shekara 96, shi ne aka rage wa tsada aka zuba a cikin kwalin da ake magana a kai.

Fahimtar yadda tarkon, wato ɗigon hasken da ke riƙe ƙwayar, yake kamawa ita ce rabin aikin haɗa shi, saboda haka dole a ɗan tsaya a kanta. Ƙarfi iri biyu ne suke jayayya a kan ƙwayar. Na farko yana tura ta gaba, inda hasken ya nufa, saboda wani sashe na hasken yana bugun ta ya dawo. Na biyu yana jan ta zuwa wurin da hasken ya fi tsanani, matuƙar dai ƙwayar ta fi ruwan da ke kewaye da ita karya haske, domin duk lokacin da haske ya ratsa ta ya karkata zuwa wani gefe, ita kuma sai ta sami turi zuwa ɗaya gefen. Ma'aunin karya haske na ruwa 1.33 ne, na robar folistirin 1.59, na silika kuwa kusan 1.45, shi ya sa waɗannan biyun suke kamuwa. Ba a samun tarko sai ƙarfi na biyu ya rinjayi na farko, kuma hakan ba ya yiwuwa sai hasken ya taru daga kusurwoyi masu faɗi ƙwarai. Da wannan mutum zai gane dalilin da ya sa babban lensin maikuroskof ya fi ita kanta lezar muhimmanci a cikin kunshin.

Kayan sun iso a shirye da kyau, kowane gilashi a naɗe a takardarsa, cikin soso da aka yanka daidai da siffarsa. Akwai jar leza ta diyod mai tsawon igiyar haske nanomita 660 (nanomita kashi ɗaya ce cikin dubu na maikuron) da ƙarfin miliwat 50, dangin wadda ake samu a cikin na'urar rubuta faifan DVD, tare da ƙaramin allon lantarki mai daidaita wutar da take sha. Akwai lensi biyu, mai milimita 50 da mai milimita 150, waɗanda idan aka jera su suke faɗaɗa hasken ninki uku, da madubai biyu masu sukurun karkatarwa, da wani madubi na musamman mai mayar da jan haske ya kuma bar sauran launuka su wuce zuwa kyamara. Babban lensin yana ƙara girma ninki 100, buɗin bakinsa, wato ma'aunin faɗin kusurwar da yake tattara haske, 1.25 ne, kuma irin wanda ake ɗiga wa mai ne. Sauran su ne kyamarar da ake jonawa da kwamfuta, da farar fitila, da dandamalin ɗora samfuri mai sukuru uku, da faifan alminiyam mai ramuka da ake ɗaure komai a kansa, da kwalabe biyu na ƙwayoyin folistirin masu faɗin maikuron 1 da 2, da fallayen gilashi, da tabarau guda ɗaya da zan dawo kansa. Gilasan ba su da abin kushewa idan aka duba matsayin kunshin. Maƙallan ƙarfen ne suka fi nuna inda aka yi tsimi, domin sukurun madubai suna da ɗan wasa, wato idan aka murɗa gaba aka dawo baya sai an yi ɗan juyi na banza kafin madubin ya amsa.

Ɗaura sassan a kan faifai aiki ne mai sauƙi, kuma hotunan da ke cikin takardar umarni sun wadatar. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana wajen saita hasken, inda takardar ta taƙaita a layi biyu cewa a daidaita madubai har haske ya shiga tsakiyar lensi, alhali wannan mataki ya fi duk sauran cin lokaci, kuma shi ne yake raba wanda zai ga tarko da wanda zai mayar da kayan cikin kwali yana cewa an cuce shi. Hanyar da ta yi aiki ita ce a rage ƙarfin lezar zuwa ƙasa sosai, a cire babban lensin, a kafa farin kati biyu masu 'yar huda a tsakiya, ɗaya kusa ɗaya nesa, sannan a yi ta murɗa madubi na farko don hasken ya ratsa hudar kusa, madubi na biyu don ya ratsa ta nesa, ana kai da komo tsakaninsu har su daidaita. Bayan an mayar da lensin an ɗora fallen gilashi, sai a duba hasken da ya bugi gilashin ya dawo cikin kyamara. A kan allon kwamfuta yana bayyana a matsayin jan ɗigo da zobba suka kewaye, kuma idan aka ɗaga dandamali ko aka sauke shi a hankali, zobban suna buɗewa suna tsukewa. Idan suna buɗewa daidai ta kowane gefe, ɗigon yana nan a wurinsa, to saitin ya yi. Idan kuwa ɗigon yana zamewa zuwa wani ɓangare ko zobban sun fi kauri a gefe ɗaya, hasken a karkace yake shiga, kuma tarkon zai riƙa harba ƙwayoyi gefe maimakon ya riƙe su. Babu ko kalma ɗaya a kan wannan gwaji a cikin takardar.

Akwai wani giɓi na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. A jikin babban lensin an rubuta 160/0.17. Lamba ta biyu kaurin fallen gilashin da aka ƙera lensin dominsa ne, milimita 0.17, kuma fallayen da aka haɗo da su sun dace. Lamba ta farko kuwa tana nufin tsohon tsarin maikuroskof ne mai bututun milimita 160, wanda ba a ƙera shi don karɓar haske miƙaƙƙe ba, alhali takardar ta ce a jera lensi biyun nan yadda hasken zai fito miƙaƙƙe. Wanda ya bi umarnin sau da ƙafa zai sami tarkonsa a wani zurfi, hoton kyamararsa kuma a wani zurfi dabam, sai ya ga ƙwaya ta matso, ta dushe, ta zama zobe mai hazo, ta ɓace, ya ɗauka tarkon ne bai kama ba. Maganin shi ne a riƙa matsar da lensi na biyu kaɗan-kaɗan a kan layinsa har wurin kamawa da wurin gani su haɗu. Gyara ne na 'yan milimita, amma mai koyo ba shi da hanyar da zai san da shi. Haka kuma hasken diyod ba zagayayye ba ne, yana da tsawo ta wata fuska da siranta ta wata, don haka yana cika bayan lensin, wanda faɗinsa ya kai kusan milimita 5, ta fuska ɗaya kawai, kuma tarkon yakan fi ƙarfi ta wani gefe fiye da wani.

Batun kariyar ido shi ne babban laifin wannan kunshi, kuma laifi ne da bai kamata a yi masa sassauci ba. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60825, leza mai haske da ido ke gani wadda ba ta wuce miliwat 1 ba tana aji na 2, inda ake dogaro da ƙiftawar ido cikin kusan rubu'in daƙiƙa. Daga nan zuwa miliwat 5 aji na 3R ne, daga 5 zuwa 500 kuma aji na 3B, wanda haskensa kai tsaye, ko wanda ya bugi abu mai sheƙi ya dawo, yana iya ƙona bangon bayan ido kafin mutum ya ƙifta. Dalili shi ne ido da kansa lensi ne, yana tattara miƙaƙƙen haske a kan ɗigo ƙarami har tsananinsa ya ninku kusan sau 100,000. Leza mai miliwat 50 tana cikin aji na 3B sosai. Duk da haka kunshin ba shi da makullin kunnawa, ba shi da murfin da zai rufe hanyar hasken, ba shi da abin da zai katse wuta idan aka buɗe, kuma tabaran da aka haɗo da shi jajaye ne, babu wata lamba a jikinsu. Jan gilashi yana barin jan haske ya wuce, abin da ya sa ake ganinsa ja ke nan, kuma da na tare hasken da shi a gaban kati, ɗigon bai rage haske ba sai kaɗan. Tabarau na gaskiya don jar leza yakan kasance shuɗi ko kore, kuma ana rubuta masa tsawon igiyar da yake tarewa da lambar OD, inda OD 2 ke rage haske sau 100, OD 3 kuma sau 1,000. Tabarau marar amfani ya fi rashin tabarau haɗari, saboda yana sa mutum ya saki jiki ya sunkuya daidai da hanyar hasken. Kada a kunna wannan na'ura sai an sayi tabarau mai shaida, an cire agogo da zobe, an ajiye faifan ƙasa da tsayin ido, an kuma kewaye hanyar hasken da baƙin allo marar sheƙi.

Shirya samfuri bai da wuya. Ana manna tef mai danƙo fuska biyu layi biyu a kan fallen gilashi, a ɗora siririn falle a kai, sai a sami 'yar hanya a tsakani wadda take zuƙe ruwa da kanta, daga nan a toshe bakunan biyu da jan farce don kada ruwan ya bushe ya haifar da gudana. Abin lura shi ne a sirka ƙwayoyin da ruwa mai tsabta har ruwan ya kusa komawa garau, domin idan suka yi yawa sukan yi ta faɗawa cikin tarkon ɗaya bayan ɗaya har su cushe shi. A kan allo ƙwayoyin suna ta rawar ɗari ba tsayawa, motsin da Robert Brown ya bayyana a 1827 kuma Albert Einstein ya fitar da lissafinsa a 1905, wanda molekul na ruwa ke haddasawa da bugun da suke yi wa ƙwayar ta ko'ina. Ƙwaya mai faɗin maikuron 1 takan yi yawon da ya kai kusan faɗin jikinta a cikin daƙiƙa guda. Idan aka murɗa dandamali aka kawo ɗaya kusa da wurin da aka yi wa alama a allo, sai a ga ta yi tsalle zuruf ta faɗa ciki, rawar ta ragu ta koma ɗan karkarwa da kyar ake gani. A ci gaba da murɗa sukuru, sai sauran ƙwayoyin su riƙa wucewa ta gefenta tare da ruwan, ita tana nan daram. A tare hasken da kati, nan take ta koma yawonta kamar ba a taɓa kama ta ba. A wannan gaɓa kunshin ya cika alkawari, kuma masu maikuron 2 sun fi sauƙin kamawa da riƙewa, don haka da su ya kamata a fara.

Auna ƙarfin tarkon kuwa sai an yi haƙuri da kayan. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja ruwan ta gefen ƙwayar da gudu mai ƙaruwa har ta kuɓuce, sannan a yi amfani da ƙa'idar Stokes, wadda ta ce jan ruwa a kan ƙwallo daidai yake da 6π sau kaurin ruwa sau rabin faɗin ƙwallon sau gudunsa. Ga ƙwaya mai faɗin maikuron 2 a cikin ruwa mai zafin digiri 20, gudun maikuron 100 a daƙiƙa yana ba da kusan fikoniyuton 1.9, kuma ƙarfin da na samu bai wuce 'yan fikoniyuton irin wannan ba. Matsalar ita ce dandamalin na hannu ne, ba mai iya murɗa sukuru da gudu ɗaya, sai dai a ɗauki bidiyo a lissafa gudun daga ƙwayoyin da suka manne a gilashi, kuma hakan yana bukatar falle mai zanen awo wanda ba a haɗo da shi ba. Hanya ta biyu ita ce a auna girman karkarwar ƙwayar a cikin tarko, tun da an san cewa kuzarin zafi a ɗaki ya kai kusan 4.1 idan aka auna da fikoniyuton sau nanomita. Idan karkarwar ta kai nanomita 30, sai a raba 4.1 da 30 sau 30, taurin tarkon zai zama kusan fikoniyuton 0.005 a kowace nanomita. Sai dai kyamarar tana ɗaukar hoto 30 ne a daƙiƙa, kuma a cikin kowane hoto ƙwayar ta riga ta yi kai da komo, don haka karkarwar takan fito ƙasa da yadda take, tarkon kuma ya fito da tauri fiye da gaskiya. Manhajar da aka haɗo da ita tana fitar da lambar ba tare da gargaɗi a kan wannan ba.

Sauran raunin ƙanana ne. Tarkon yana da ƙarfi kusa da gilashi, amma yana laushi idan aka nutsa cikin ruwan da maikuron 20 ko makamancin haka, saboda an ƙera lensin don mai da gilashi masu ma'auni kusan 1.52, ruwa kuma yana wargaza taruwar hasken. Kusa da gilashin kuma jan ruwa yana ƙaruwa, abin da ke ɓata lissafin Stokes. Diyod ɗin ba shi da abin sanyayawa, ƙarfinsa yana ɗan hawa da sauka kafin ya ɗumama ya zauna, kuma takun mutum a ƙasa yana bayyana a kan allo idan teburin ba mai nauyi ba ne.

Yanzu sai maganar da aka sayar da kayan da ita. Haske ba ya taruwa a wurin da ya fi wani iyaka ƙanƙanta, iyakar da Ernst Abbe ya fitar a 1873, wato tsawon igiya a raba da ninki biyu na buɗin bakin lensi. Da nanomita 660 da buɗin baki 1.25, ɗigon ba zai gaza kusan nanomita 260 ba ko da saitin ya kai maƙura, alhali molekul na ruwa bai wuce kusan nanomita 0.3 ba. Wannan daidai yake da a ce za a tsinci ƙwayar yashi guda ɗaya da bakin katafila. Girman ɗigon ma ba shi ne babbar matsalar ba. Ga ƙwayoyin da suka fi igiyar hasken ƙanƙanta sosai, ƙarfin riƙon yana tafiya ne da yawan jikin ƙwayar, ma'ana idan faɗi ya ragu sau 10, riƙo zai ragu sau 1,000. Daga ƙwaya mai nanomita 100 zuwa molekul mai nanomita 1, riƙon ya ragu sau miliyan ɗaya, shi kuwa bugun da zafi ke yi bai ragu da komai ba. Ashkin da abokan aikinsa a 1986 sun sauka ne zuwa ƙwayoyi masu kusan nanomita 25, kuma da leza mai ƙarfin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Babu wani saiti ko ƙarin wuta da zai sa wannan na'ura ta riƙe molekul ɗaya a cikin ruwa, domin ruwan zai tafasa tun kafin a kusanci ƙarfin da ake bukata.

Ba wai ba a taɓa harhaɗa molekul da hantsakin haske ba. A 2018 ƙungiyar Kang-Kuen Ni a Jami'ar Harvard ta riƙe atam ɗaya na sodiyam a wani hantsaki, atam ɗaya na siziyam a wani, ta haɗa tarkunan biyu, sannan ta harba haske mai launin da aka zaɓa daidai, atam biyun suka ɗinke suka zama molekul guda, wanda ma bai daɗe ba. Abin da tallan bai faɗa ba shi ne an yi wannan a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska kusan gaba ɗaya, bayan an sanyaya atam ɗin da wasu lezoji zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na digiri sama da sifirin ƙarshe, wato digiri 273.15 ƙasa da daskarewar ruwa. Sanyin ne ya kawar da bugun zafi har tarko mai rauni ya iya riƙewa. Ita kanta fasahar sanyaya atam da leza ita ce ta kai Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips ga kyautar Nobel a 1997. Sanannen aikin nan na 1989 kuma, inda Don Eigler da Erhard Schweizer suka jera atam 35 na zenon a kan nikel suka rubuta IBM, sunan kamfanin da suke wa aiki, da allurar maikuroskof ta musamman aka yi shi a sanyin kusan digiri 269 ƙasa da daskarewar ruwa, babu ruwansa da leza. A cikin ruwa mai zafin ɗaki, abin da masana suke yi shi ne su maƙala molekul a jikin ƙwaya su riƙe ƙwayar. Da haka ƙungiyar Steven Block ta auna a 1993 cewa furotin ɗin kinesin yana tafiya taku-taku na nanomita 8, da haka kuma ƙungiyar Carlos Bustamante ta nuna a 1996 cewa zaren DNA yana miƙewa ya kai kusan ninki 1.7 na tsawonsa idan jan ya kai fikoniyuton 65. Waɗannan awo ne da ja, ba ƙira ba, kuma ko su ɗin sun fi ƙarfin wannan kunshi, wanda ba shi da na'urar gano motsi mai saurin da ake bukata.

Iyakar harhaɗawar da na'urar take iyawa ta ƙwayoyi ce. Idan aka ƙara ɗan gishiri a ruwan samfuri, cajin lantarkin da ke hana ƙwayoyi mannewa yakan yi rauni, sai a kama ƙwaya, a sauke ta a hankali a danna ta a jikin gilashi har ta manne, a saki, a koma a ɗauko wata. Da haƙuri ana jera su layi ko a zana harafi mai faɗin maikuron 20. Aiki ne mai ɗaukar hankali, kuma yana koya wa hannu abin da littafi ba ya koyarwa game da yadda danƙo da zafi suke mulki a wannan ƙaramar duniya, matsalar da masanin sinadarai Richard Smalley ya kafa hujja da ita a muhawararsa da Eric Drexler kan ko za a iya ƙera na'urar harhaɗa molekul, a farkon shekarun 2000, lokacin da ya ce duk yatsun da za su ɗauki atam za su yi kauri da yawa, su kuma yi danƙo da yawa.

Ta fuskar hulɗa da mai saye, masu kayan suna amsa wasiƙa da wuri, kuma sun aiko da sabon madubi a madadin wanda ya zo da ƙarzuwa ba tare da jayayya ba. Da na tambaye su dalilin rubuta harhaɗa molekul a jikin kwalin, amsar da suka bayar ita ce ƙwayoyin folistirin ma ai da molekul aka yi su, wanda romon baka ne kawai, domin a wannan ma'ana duk mai jera bulo ma molekul yake harhaɗawa. Tambayar da na yi a kan tabarau kuwa ba su taɓo ta ba.

Kunshin ya dace da malamin fiziks, da ɗalibin jami'a, da mai sha'awar da ya taɓa aiki da lensi da madubai, bisa sharaɗin zai ƙara tabarau mai shaida, da falle mai zanen awo, da murfin hanyar haske. Bai dace da yara ba, bai kuma dace da wanda sunan da ke jikin kwalin ne ya jawo shi ba. Wanda ya kai ga gwada shi a kan halittu masu rai, kamar ƙwayoyin yisti ko bakteriya, zai so ya sauya lezar, domin Ashkin da kansa ya ga koren hasken da ya fara aiki da shi yana kashe bakteriya, sai a 1987 ya koma infared, hasken da ido ba ya gani, mai nanomita 1064, inda suka rayu har suka hayayyafa a cikin tarkon. Ban ba da shawarar a yi wannan sauyi a kan wannan faifai ba. Madubi mai tace launi da aka haɗo an ƙera shi ne don jan haske, don haka dole a sauya shi, kuma infared ido ba ya ganinsa, ba ya sa mutum ƙiftawa, amma yana isa bayan ido kamar yadda jan haske yake isa. Irin wannan leza tana bukatar rufaffen akwati mai katse wuta da kansa, da katin gano haske, da tabarau na wannan tsawon igiya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a wannan kunshi.